Famfon da Babu Mai Gyaransa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Habsu, a Dosso.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar ga ta same ki lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ki gaishe min da Goggonki Dije da kika sauka wurinta, ki ce na gode da riƙon amana. Innarki tana gaishe ki. Hammanki, wato yayanki ɗan farina, yana gaishe ki da kyau.

Ba zan ba ki labarin gida ba, wannan kina jin shi ta salula. Abin da salula ba ta iya ɗauka shi na zauna rubutawa, da wannan mummunan rubutu nawa na karatun manya. Ran da na raka ki tashar Dogon Dutsi kin ga ban ce komai ba sai "Allah shi kiyaye hanya." Wataƙila kin ɗauka fulaku ne, kunyarmu ta Fulani. Ba fulaku ba ne, Habsu, tsoro ne ya riƙe min baki, kuma har yau bai sake ni ba. Kin tafi koyon aikin wutar lantarki da famfon hasken rana, aikin da duk yankinmu na Sukukutane ban san mutum guda da ya iya shi ba. Ina so ki san yadda aka yi muka wayi gari babu, domin da hannuna a ciki. Wasu abubuwan kin gani da idonki kina yarinya, amma ba ki san ta inda suka faro ba.

Sun faro ne daga Bappanki Altine, ƙanena, wanda kina goye ya bar gida. Tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. A ba shi sanda a ce ya bi shanu, sai a tarar da shi gindin icce ya kwance tocilar wani yana leƙa cikinta, shanu sun yi nasu wuri. Bayan rasuwar mahaifinmu ya tafi Dutsi ya manne wa wani dattijo mai gyaran injin ban ruwa, irin wanda masu lambu ke kafawa a fadama. Dattijon ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa.

Wata ranar kasuwa na kai bijimi Dutsi tare da wasu danginmu. Muna tafe bakin kwalta sai ga Altine zaune a ƙasa, baƙi ƙirin da man inji, yana wanke ƙarafa cikin tsohon kwano. Ɗaya daga cikin dangin ya tuntsire da dariya ya ce, "Bube, ashe gidanku an koma ƙira? Mi ya rage, sai zuga-zugi!"

Dariyar nan ce ta yanke hukunci, ba hankalina ba. Na ce da Altine ya tashi mu tafi gida. Dattijon ya biyo mu yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Don Allah bari yaron ga shi ƙare. Na daɗe ina neman mai kai irin nashi ban samu ba. Daga nan har Tibiri mu nawa ne munka san cikin injin ga? In na mutu, wa za ya riƙe?"

Na ce, "Mu masu shanu ne. Ku riƙe ƙarfenku."

Altine bai yi min gardama ba, ni ne babba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, yana kiwo ba ya magana. Sai wata safiya aka tarar da sandarsa jingine da bukka. Mun ji yana Birnin Kebbi a wani gareji, daga baya mun ji ya nausa arewa ya ƙetare hamada. Saƙonsa na ƙarshe ya ce yana gyara wa Larabawa injinan wuta, suna ji da shi. Daga nan shiru, har yau. Ban san ko yana raye ba. Hannun da Allah Ya aiko wa garinmu, ni na kore shi da kaina, wasu can suka amfana.

Saboda haka, ɗiyata, kada dariyar kowa ta tashe ki daga gaban malaminki. Za su yi. Za su ce ɗiyar Fulani ta ajiye ƙwarya ta ɗauki filaya. Za su ce mace ta hau tsani. Wanda ya yi min dariya a Dutsi yana nan da ransa, kuma da ƙishirwa ta zo, a layi ɗaya muka tsaya da shi. Baƙin mai yana fita da sabulu. Ko ni ne na aiko miki cewa ki dawo kafin ki ƙare, don wani ya hure min kunne, ki nuna min takardar ga ki ce, "Baba, kai ka rubuta."

Shekaru bayan tafiyar Altine aka zo aka haƙa mana rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj. Kina firamare lokacin, za ki tuna. Aka ɗora shato, wato tankin ruwa, bisa ƙafafun ƙarfe, aka jera farantan hasken rana, aka ja ruwa zuwa kan famfo na mata da kwamin shayar da dabbobi. Ran da ruwan ya fara zuba innarki ta yi kuka. Hannunta duk kanta ce ta igiyar guga tun tana budurwa. Aka kafa komitin ruwa, aka sa ni ciki a madadin makiyaya.

Wanda ya haɗa wutar wani Bazabarme ne, sunansa Isuhu, siriri, mai yawan murmushi, Hausarsa tana ɗan karkacewa. Da ya gama ya tara komiti ƙarƙashin shato ya ce, "Ku ba ni matasa biyu, ko maza ko mata, waɗanda sun ɗan taɓa lakwal. Su bi ni ƙauyuka in nuna musu aikin. Ni kaɗai ne bisa famfuna da yawa. Wata rana za ku kira ni ina nesa."

Farkon damina ne. Manoma suka ce ƴaƴansu na gona. Aka juyo gare ni, don kowa ya san hammanki ya yi lakwal, makarantar boko, har ya iya karatun Faransanci. Shi ma ya dube ni, na ga yana so. Na ce, "Shanu za su tafi mashekari, wa zai bi su? Abu sabo fil, mi za ya same shi? In ya lalace muna da lambarka."

Isuhu ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Lamba ba ta riƙe filaya, Baba." Muka yi dariya, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Kin ga, sau biyu ke nan. Na farko kunya ta sa ni, na biyu ganin cewa abin da ke aiki yau zai yi aiki gobe. Mu haka muke son abu: a kawo mana shi a gama, mu yi guɗa. Ba ma tambaya wa zai kula da shi. Dubi injin niƙan da ke bayan masallaci, kaji ke ƙwai cikinsa. Dubi firjin allurar dabbobi da aka kawo ofishin kiwo. Dubi fitilun kasuwa, sandunan suna tsaye, ba su haska komai. Ba ƙarfe muka rasa ba a ƙasar ga, masu jin maganar ƙarfe muka rasa. In Allah Ya ba ki sani, kada ki ƙulle shi a bakin zane. Duk inda kika yi aiki ki nemi wanda za ki nuna wa. In iyayensu sun ƙi, kamar yadda na ƙi, ki koma, ki sake komawa. Isuhu sau ɗaya ya tambaya. Ba laifinsa ba ne, amma na sha cewa a raina da ma ya matsa min.

Famfon ya yi mana shekaru yana aiki, har muka manta da tsohuwar rijiya. Sai wata bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, tabkuna duk sun ƙafe, ya tsaya. Rana tana dukan farantan kamar kullum, amma shato shiru. Muka kira Isuhu. Ya ce yana can kudancin Tibiri, garuruwa da dama na jiransa, kuma hanyar da zai biyo ba lafiya, sai ya samu abokan tafiya. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ina zuwa. Abu guda nike roƙonku: kada kowa shi buɗe akwatin wutar."

Haƙuri yana da sauƙi ga wanda shanunsa ba sa kuka. Nawa suna zagaya busasshen kwami suna lasar siminti. Ranar kasuwa na je wurin wani mai gyaran salula da rediyo, na ba shi labari. Ko tambaya bai yi min ba. Ya ce, "Wuta ai wuta ce, Alhaji. Wanda ya gyara salula mi za ya gagare shi?" Na ɗauko shi bisa kabu-kabu. Ban shawarci komiti ba, na so a ce Bube ne ya dawo da ruwa.

Ya buɗe akwatin. Na ga ya tsaya yana kallon wayoyin, na ga goshinsa ya yi gumi, kuma a lokacin zuciyata ta gaya min mutumin ga bai taɓa ganin irinsa ba. Amma mutane sun taru, shi yana jin kunyar cewa bai sani ba, ni ina jin kunyar cewa na kawo wanda bai sani ba. Ya cire wata waya ya haɗa da wata. Aka ji tas! Hayaƙi ya tashi, da wari irin na ƙonannen roba. Ya rufe akwatin ya ce dama abin ya riga ya mutu. Daga baya Isuhu ya gaya min ciwon farko ɗan ƙarami ne, wani abu ne kamar ɗan yatsa da ake canzawa a tsaye. Mu muka mai da zazzaɓi ajali.

Habsu, wannan ita ce wadda na fi jin tsoro a kanki. Ran da kika dawo, ko wata nawa kika yi, mutane za su taru su ce ga gwana ta zo. Za su sa ki gaban abin da ba a koya miki ba tukuna, ido duk a kanki, dattawa na jira. Ki ce, "Ban sani ba, bari in tambaya." Ki faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji. Za su yi gunaguni, gunaguni ba ya kisa. Wuta kuwa tana kisa, ba ta san ɗiyar kowa ba. Kuma kada ki yarda da takardar shaida wadda hannunki bai san abin da ke cikinta ba. Na ji ana cewa akwai masu fitowa da diflom ba su taɓa kwance famfo ba. In malami yana zane bisa allo, ki roƙe shi ya kai ku inda ƙarfen yake. In ya ce maza su riƙe, mata su kalla, ki miƙa hannu ki karɓa.

Da akwatin ya ƙone, gari duka ya koma tsohuwar rijiya, mutane da dabbobi. Kin san zurfinta, mai leƙawa ba ya ganin ruwa sai ɗan ƙyalli. Shekarun da muka yi banza da ita rairayi ya cika gindinta, simintin da aka ɗaure ta da shi ya tsattsage. Guga yana fitowa rabi ruwa rabi laka. Mata na kwana a layi, manoma na cewa shanunmu na shanye musu ruwa, mu muna cewa kakanninmu ma sun sa hannu a ginin ta. Mutanen da muka yi shekaru muna musayar nono da hatsi da su, sai ga mu muna kallon juna da sanduna a hannu. Ban taɓa jin tsoron maƙwabcina ba sai a bazarar nan.

Aka ce sai an yashe rijiyar. Da can akwai gidan magina rijiya a garinmu, su suka san yadda ake tokare bango kafin a taɓa gindi. Tsohon gidan ya rasu, ƴaƴansa ba wanda ya koya, duk sun tafi haƙar zinariya. Kowa na kallon ƙasa. Sai hammanki ya cire rigarsa ya ce, "Baba, ni zan shiga. Shanunmu sun fi na kowa sha."

Na san bai san aikin ba. Ni ma ban sani ba. Amma ni na ƙona akwatin, ina so a ga gidana ya biya. Na ɗaura masa igiya a ƙugu da hannuna. Da hantsi ne. Ya sauka, ya fara cika guga da laka muna ja. Can sai muka ji ƙara daga ƙasa kamar an kayar da bango, ƙura ta taso ta bakin rijiya, sannan muryarsa, yana kiran innarki da Fillanci kamar ƙaramin yaro. Ɓallin siminti ne ya ɓalle ya faɗa masa a ƙafa. Yadda muka fito da shi ba zan rubuta ba. Kina lakwal a Dutsi lokacin, na gode wa Allah da ba ki gani ba.

Muka shimfiɗa shi bisa amalanke, shanu na ja cikin rairayi, kowace gargada sai ya suma. A ƙaramin asibiti muka tarar da majo, ma'aikacin jinya, shi kaɗai, ga mace na naƙuda, ga yara kwance da zazzaɓi. Ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ce, "Wanga ya fi ƙarfina. Sai an ɗauki hoton ƙashi, ku yi gaba." Muka samu mota muka yi gaba. A babban asibitin da muka isa, na ga na'urar hoton da idona, an lulluɓe ta da zane. Suka ce ta samu matsala, mai gyaranta daga nesa yake zuwa, ana jiransa. Kin ji, Habsu, irin jiran da muke yi wa Isuhu, su ma shi suke yi. Suka ce mu ƙara gaba. Kafin mu kai inda mai iya aikin ƙashi yake, ƙafar ta fara wari.

Likitan yaro ne, bai fi hammanki da yawa ba, idanunsa jawur. Ya duba ya ce, "Baba, da kun zo da wuri."

Na ce, "Mun taso da wuri, likita. Ku ne kuke nesa."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Waɗanda muka yi karatu tare, mafi yawansu suna ƙasashen waje. Ni ma ban san har yaushe zan iya ba." Ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ya ceci ransa. Allah Ya saka masa.

Yanzu kina ganin hammanki zaune yana tufkar igiya, Bafillacen da ya san kowace saniya da kukanta, ba ya iya bin su ko zuwa bakin gari. Bai taɓa ce min komai a kan ƙafar ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Abin da zan ce miki a nan gajere ne: kada ki gyara kuskure da ganganci. In kin ɓata abu, ki tsaya ki faɗa, ki jira wanda ya sani. Kada ki tura kanki ko wani cikin rami don a daina ganin laifinki.

Muna asibiti Isuhu ya iso garin. Da na dawo na tarar ya aika an kawo sabon akwati daga Yamai, yana ɗaurawa. Amma gari ya riga ya yi zafi. Mutane na neman wanda za su ɗora wa ƙafar hammanki, baƙo kuwa shi ya fi sauƙin ɗauka. Aka taru ƙarƙashin shato, wani ya ce tun farko jabun kaya ya sa mana. Wani ya ce da gangan ya yi jinkiri. Wani matashi ya ce, "Ku masu aikin ga duk ɓarayi ne."

Isuhu ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, "Na ce kada a buɗe akwatin ga. An buɗe. Wanda ya sa anka buɗe yana nan." Bai kira sunana ba, ya dai dube ni. Kowa a wurin ya san ni ne, amma ana tausayina saboda ɗana, ba wanda ya so ya faɗa. Ni kuma na sunkuyar da kai. Na bar su suka ci gaba da zaginsa.

Ya gama aikin, ruwa ya zubo, ba wanda ya ce masa sannu. Da zai hau babur na bi shi da ƙwaryar nono. Ya sha, ya miƙo min ƙwaryar, ya ce, "Baba, an daɗe ana kirana aiki a Kwatano ina ƙi. Ina cewa in na tafi wa zai duba ƙauyukan ga? Rana ta dake ni, na kwana a hanya, na gamu da masu bindiga sau ɗaya sunka ƙwace min salula. Duk ban tafi ba. Yau na ji zan iya tafiya." Bayan damina lambarsa ta daina shiga.

Muna cewa masu sani suna gudu don kwaɗayi. Wasu haka ne. Amma na ga yadda ake korar mutum ba tare da an ce masa tafi ba. Ke ma za a yi miki, ɗiyata, kuma naki zai fi zafi, don za a haɗa da cewa ke mace ce. Famfo zai yi shekara yana zuba ba wanda zai tuna da ke, ran da ya tsaya sunanki zai cika gari. Kafin ki taɓa kowane aiki ki tara mutane ki nuna musu abin da kika tarar, ki nuna musu abin da kika cire da wanda kika sa. Kada ki je ƙauyen da ba ki sani ba ke kaɗai, kada ki yi tafiya bayan la'asar, in an ce hanya ba lafiya ki yarda, ko garin wa ke jin ƙishirwa. Kuma in kin ga ana zagin abokin aikinki bisa laifin da ba nasa ba, ki buɗe baki. Shirun da na yi ranar nan ya fi hayaƙin akwatin tsada.

Da kika ci jarrabawar birebe kika ce wannan aikin kike so, kin san dangi sun taso. Sun ce a bari ki yi karatun malanta ko na ungozoma, aikin mata. Ni ma na fara lanƙwasa, halin nawa bai mutu ba. Hammanki ne ya jawo sandarsa ya zo har inda muke zaune, ya ce, "Baba, ka hana Bappa Altine. Ka hana ni. In ka hana Habsu, wa ya rage?" Ki san cewa shi ya buɗe miki ƙofa, ba ni ba.

To ga tsoron da ke hana ni cin tuwo. Ina tsoron ki kasa, a yi mana dariya. Na fi tsoron ki iya. Don in kin iya, za a gan ki. Masu manyan motoci za su kira ki Yamai, daga Yamai a kira ki gaba, inda ake biyan hannu da daraja, inda ba rairayi, ba mai ce miki ɓarauniya. Ko kuwa wani ya aure ki ya ce matarsa ba ta hawa shato, sanin ya ruɓe a ɗaka. Mai neman aurenki ki gaya masa aikinki tun a zaure, kafin goro ya shiga tsakani. In ya yamutsa fuska, ki bar shi ya wuce.

Maganar tafiya nesa kuwa, na yi ta juya ta a raina. Ba zan ɗaure ki da alkawari ba, ba zan ce in ba ki dawo ba ban yafe ba. Wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin faɗin haka. In arzikinki na can, ki je da albarkata. Roƙo kawai nake yi, irin na wanda ba shi da haƙƙi: kafin ki yi nisa, ki zo ki bar mana ko mutum biyu da suka san cikin akwatin nan. Na riga na yi magana a komiti. Akwai yarinya guda cikin manoma, akwai yaro guda a rugarmu, iyayensu sun amsa a gaban jama'a, na sa sun maimaita.

Abin da ban gaya miki ta salula ba, don kada hankalinki ya rabu: tun makon da kika tafi famfon ya canza murya. Da can in rana ta ɗaga shato kan cika kafin azahar, yanzu sai la'asar, wani lokacin bai cika ba. Akwai wani ɗan gurnani da yake yi daga ƙasa. Kowace safiya nakan je in ɗora kunne bisa bututun in saurara, kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci, alhali ban san abin da nake ji ba. Na nemi mai dubawa har Dutsi, an ce akwai mutum guda, yana wajen Kieshe, layinsa da tsawo. Na sa kwado a akwatin, mabuɗin yana wuyana, ba wanda zai taɓa shi ko da za a tsine min. Tsohuwar rijiya kuwa mun rufe bakinta da itace. In famfon ga ya tsaya a bazara mai zuwa, ban san inda za mu dosa da mata da yara da shanu ba.

Kada wannan ya sa ki gaggawa. Ɗanyen sani shi ya kai mu inda muke. Ki zauna ki nuna sarai, mu za mu yi ta addu'a ƙarfen ya jira ki.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ji maganar Goggonki, ki taya ta aikin gida ko kin gaji. Ki ci abinci, innarki ta ce kin tafi da rama.

Allah Ya buɗe miki kai, Ya sa albarka a hannunki. Allah Ya tsare ki daga wuta da ƙarfe da bakin mutane. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa. Allah Ya sa in ga ranar da za ki buɗe akwatin nan da hannunki, in ciro mabuɗin daga wuyana in huta. In kuma ban kai ba, yana wurin hammanki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne mahaifinki,
Bube